Wa zan ba gyaran bodin Mustang ɗina, a Gombe ko Bauchi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko sannu da tsautsayi, Allah Ya tsare gaba, tunda kai ka fito lafiya ba wanda ya ji ciwo to alhamdulillah. Na karanta bayaninka, Ford Mustang ce ƙirar 2016 ja, tifar yashi ta goge ka ta gefen dama a hanyar Tumfure, fenda ta lotsa, bamba ya yage, fitila ta fashe, bakin bonet ya ɗan lanƙwashe, kuma kace motar nan shekaru ka yi kana tara kuɗinta, kana tsoron ka kai ta inda za a ɓata maka ita, shin a Gombe za a yi ko Bauchi ko ka tura ta Abuja.

Ni aikina kenan, bodi da fenti, sama da shekara ashirin a nan Bauchi, tun ina yaron gareji ana bani sanfefa da bokitin ruwa. Bazan ce maka je wajen wane ba, dalili kuwa hannu ne yake aiki ba allon da ke ƙofar gareji ba, ogan da ya yi suna shekara biyar baya yau ƙila yana zaune a benci yara ne suke komai, mai fentin da ya jawo wa wajen suna kuma ya daɗe da buɗe nashi. Abinda zan baka shine yadda zaka gane mutumin da kanka, wannan ya fi maka amfani.

Ka fara da sanin motarka kafin ka nemi mai gyaranta. Mustang daga 2015 zuwa sama bonet ɗinta da fendojin gaba alminiyam ne, ba ƙarfe bane irin na ƙofa da bayan motar. Ɗauki maganaɗisu ka gwada, a ƙofa zai kama, a fenda zai faɗo. Wannan ƙaramin abu shine ya raba motarka da Golf da Sharon da Corolla da muke bugawa kullum. Mu a gareji mun saba idan ƙarfe ya lotsa a kunna wutar kabaid a gasa wajen har ya yi ja, a buga da guduma ya dawo, to alminiyam baya yin ja, baya nuna maka komai, kana cikin gasawa kawai zaka ga ya zube ya bar rami, saboda wajen digiri 660 yake narkewa, ƙarfe kuwa sai ya haura 1400. Kuma in ka cika bugunshi yana ƙara tauri ne har ya tsage. Ko guduma da sanfefar da aka yi aikin ƙarfe da su ba a so a taɓa shi da su, ƙurar ƙarfen tana shiga jikinshi, bayan wata shida zaka ga fenti yana kumburowa kamar ƙuraje.

Don haka tambayar farko da zaka yi wa duk fanal bitan da ka je wajenshi, cikin ladabi ba kamar kana jarraba shi ba, ita ce Oga ya za a yi da wannan fendar. Sai ka yi shiru ka saurara. In ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne za mu ɗan sa mata wuta mu buga ta fito, ka yi mishi godiya ka tada motarka. In ya ƙwanƙwasa fendar da yatsa, ya duba ta ciki, ya ce Alhaji wannan fa ba ƙarfe bane, ni gaskiya gara a nemo wata a canza, to ka zauna da wannan mutumin ku yi magana. A wannan sana'ar babu alamar amana da ta wuce mutum ya iya cewa wannan ɓangaren ba aikina bane, ko bani da kayan yinshi. Wanda komai ka nuna mishi yace ba matsala, shi nake tsoro wallahi, ko da hannunshi na da kyau.

Abu na biyu, kuma shine ya fi damuna a maganarka, ba fendar da kake gani ba ce, abinda ke bayanta ne. Motarka bata da shasi daban irin na Hilux da ake ɗora bodi a kai, jikin nata shine ƙashinta, ƙafafun gaba da injin duk a jikin wasu dogayen ƙarafa biyu suke zaune da suka taho daga ƙasan gilas zuwa bayan bamba. Tifa ba Keke Napep bace, in ta tura wannan ƙarfen ko da kaurin yatsa ne, za a iya sa sabuwar fenda a yi fenti mai sheƙi amma motar ta riga ta karkace. A cikin gari baza ka ji ba. Sai ranar da ka hau hanyar Gombe zuwa Bauchi ka wuce Alkaleri ka ɗan taka, ka ji sitiyari yana janka gefe, taya ɗaya tana cinyewa ta ciki. Mota mai gudu irin wannan bata yafe irin wannan kuskuren.

Saboda haka kar ka yarda a yanke maka kuɗin aiki bamba yana jiki. Ka biya kuɗin kwancewa daban, a cire bamba da fitila da fendar kana tsaye, ku duba ƙarfen bayan bamba, mazaunin lagireto, kondensar AC, da inda shokozoba ke ɗaure ta sama. Ka nemi inda fentin asali ya tsattsage ko ƙarfe ya yi ƙunci, nan ne bugun ya kai. Mai sanin aiki zai ɗauko tef ya auna a gicciye, daga ƙusa ta dama a baya zuwa ta hagu a gaba, sannan ya juya ya auna ɗaya ɓangaren, in tsawon biyun bai zo ɗaya ba to akwai magana. Ka kuma kai ta wajen alaimen na kwamfuta kafin a fara, su baka takardar, bayan an gama ka sake kaita ka haɗa takardun biyu. In ƙashin ya motsa, to wannan ba aikin ɗaure sarƙa a gindin dogon yaro a ja da wata mota bane kamar yadda ake wa motocin haya, akwai teburin miƙa shasi mai ma'auni, shi ake nema.

Yanzu yadda ake neman mutumin. Kowa zai nuna maka hoton motar da ya gama jiya a waya, tana ƙyalli, to ai duk mota tana ƙyalli ranar da ta fito daga fenti. Kace ya nuna maka wadda ya yi bara. Wadda ta sha ranar Afrilu ta Gombe, ta sha damina, ta sha hunturu. Mai aikin kirki yana da kwastomomin da baya jin kunyar kiransu, zai ce bari in kira wane ka je ka gani, gani ya kori ji. In ka je kar ka tsaya gaban motar, tsuguna ta gefe da hantsi ko bayan la'asar, ka kalli jikin a kwance yadda inuwar gini ko turken wuta ke bin ƙofa zuwa fenda, in layin ya miƙe aiki ya yi, in yana rawa kamar ruwa akwai fila, wato ƙullin da ake cike rami da shi kafin fenti, a ƙasa da ba a goge daidai ba. Ka duba ko zanen sanfefa ya fara fitowa ta ƙarƙashin fenti, ko saman ya yi kamar ɓawon lemu, ka ɗaga robar gilas da ta ƙofa ka ga ko fenti ya hau kansu. Mai kwance hannun ƙofa da roba da tambari kafin ya fesa daban yake da mai manna jarida da salatif ya wuce. Sannan ratar da ke tsakanin bonet da fenda, sa yatsa ka bi ta, dama da hagu su zama ɗaya.

Akwai mutanen da suka fi kowa sanin masu fenti amma ba a cika tambayarsu ba, masu shagon haɗa fenti. Su suka san wa yake sayen hadina mai sa fenti ya yi tauri da kiliya mai kyau, wato ruwan sheƙin da ake fesawa a saman kala, wa yake cewa a bashi mai araha ya cika da tina mai tsinka fenti, wa yake karɓar kuɗin kwastoma ya zo ya ci bashi. Ka je ka zauna ka sayi ko ɗan abu ne, ku yi hira. Amma ka yi hattara da shawarar dillalan mota, ba wai don mutanen banza bane, a'a, buƙatarsu ce daban da taka, su suna son wanda zai sa mota ta yi kyau cikin kwana uku a sayar, kai kuma kana son aikin da zai kai shekara goma.

Maganar fenti kuma, ja yana cikin kaloli masu wahala, ina gaya maka tun yanzu. Buɗe ƙofar direba akwai takarda manne a jikin ginshiƙin, zaka ga an rubuta EXT PNT da haruffa biyu a gaba, lambar fentinka kenan. In PQ ce to Race Red ce, jan ne zalla, da ɗan sauƙi. In kuwa RR ce Ruby Red, wannan ita ce mai aiki, domin kiliyar da ake fesawa a sama ita ma da kala a cikinta, in mai fesawa ya ƙara hannu ɗaya sai ta yi duhu, in ya rage sai ta yi haske. Kuma lambar kaɗai bata isa ba, motar da aka ƙera 2016 ta sha rana shekaru, kalar jikinta ta riga ta ɗan sauka daga yadda ta fito kamfani. Abinda muke yi shine a cire murfin tankin mai a kai wa mai haɗawa, ya haɗa, a fesa a ɗan gwangwani har da kiliya, ya bushe, a kara shi a jikin ƙofa a cikin rana, ba a ƙarƙashin rumfa ba. In bai zo ba a sake. Wanda ya ce maka wannan ɓata lokaci ne idona ya isa, bai isa ba. Kuma kar ka yi mamaki in mai fentin ya ce sai ya ɗan shiga ƙofar dama da kala duk da ita ba abinda ya same ta, ba cuta bace, haka ake ɓatar da bambanci ido baya kamawa. Wanda zai fesa fenda ita kaɗai ya tsaya cak a bakin ƙofa, da rana zaka ga mota kala biyu.

Dole a yi fentin cikin ɗaki rufaffe. Ana cewa oben, kowa yana cewa yana da oben, to ka shiga ka gani da idonka, akwai fanka mai zuƙe iska, akwai tacewa, akwai abin ɗumamawa da ke aiki, ko kuwa ɗaki ne kawai da aka jera ƙwan lantarki. Na gaske yana kai wajen digiri 60 ya riƙe kamar rabin awa. Amma ni a wajena tsabtar ɗakin ta fi zafin muhimmanci, don zafi muna da shi kyauta a nan, ƙura ce abokiyar gabarmu, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin hazo, ko ƙofa aka buɗe sai ta sauka kan ɗanyen fenti. Ka kalli kwamfuresa ma, in babu abin tare ruwa a bakin tiyo to ruwa zai bi iska ya shiga fenti. Bamba kuma roba ce, tana da firaimarta daban, wato fentin farko da ake shimfiɗawa kafin kala, in aka fesa mata ta ƙarfe wata uku zaka ga tana ɓarewa kamar ƙwai dafaffe.

Kayan gyara ba lallai ka samu a Gombe ko Bauchi ba, Mustang bata da yawa a nan. Sai dai a nema a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, in ya ƙi a yi oda daga Amurka ko Dubai ka yi haƙurin jira. Ka riƙe wannan, fuskar 2015 da 2016 da 2017 ɗaya ce, a 2018 Ford suka canza fitila da bamba da bonet da fenda, don haka mai kaya yace maka ai duk Mustang ce, ba duk ɗaya bace. Ka tura mishi lambar shasi mai harafi 17 da hoton naka. Ni na fi son Beljiyam na asali da aka ciro daga wata motar akan sabo na kwaikwayo, musamman fitila da fenda, don na kwaikwayo sau da yawa ramukan ƙusa basa zama daidai, sai an fafe an matsa, kuma wasu fendojin ƙarfe ne ba alminiyam ba, maganaɗisunka zai gaya maka. Duk abinda aka kawo a ɗaura shi a mota tukuna a ga zamanshi kafin a fesa. Kuma tsofaffin kayan da aka cire naka ne, a saka maka a but.

Akwai wata mota da aka taɓa kawo min, baƙa mai ƙofa biyu, mai ita ya biya kuɗin sabuwar fenda a wani gareji, wata takwas fentin ya tsage kamar ƙasar fadama da rani. Da na sa sanfefa sai ga fila kaurin babban yatsana, tsohuwar fendar ce ko bugawa ba a yi ba aka cika ramin aka shafe. Mutumin nan ya tsaya yana kallo idonshi ya kawo ruwa, ba don kuɗin ba, don wanda ya yi mishi ɗan unguwarsu ne. Fila ba laifi bace, dukkanmu muna amfani da ita, amma siririya, kada ta wuce kamar milimita 3, don gyara fuska ne bayan ƙarfe ya dawo daidai. Shi yasa nake ce wa kowa, kuma kai ma ina roƙonka, ka sa a cikin sharaɗi cewa baza a fesa firaima ba sai ka zo ka gani. Wannan ranar ita ce ranar da ta fi kowace muhimmanci a duk aikin, ranar da ƙarfe yake tsirara. Da zarar fenti ya hau to ya rufe komai, mai kyau da mara kyau. Mai amana shi da kanshi zai kira ka, har yana jin daɗi ka zo ka ga aikinshi.

Batun kuɗi, a rubuta. Ko da ɗan'uwanka ne a rubuta, abinda za a canza, abinda za a gyara, irin fenti da kiliya, ranar gamawa, da wata nawa zai tsaya wa aikin in ya tashi, da shaida ɗaya. Gareji da yawa suna ƙarƙashin NATA, ƙungiyar masu gyaran mota, kuma akwai shugaban wajen, ba laifi ka gaisa da shi ya san da zaman motarka. Kar ka ba da kuɗin duka a farko, kafin alƙalami na kwancewa, sannan kuɗin kaya in sun iso, sannan na fenti, ragowar ranar ɗauka. Kayan fenti in da hali ku je shagon tare ka biya da hannunka a buɗe gwangwanin a gabanka. Amma don Allah kai ma kar ka matse mai aikin, in mutum uku sun faɗi kuɗi kusa da juna na huɗu ya faɗi rabi, to rabin da ya rage daga jikin motarka zai fito, araha bata ado. Kuma kar ka ce sai an gama kafin Juma'a akwai ɗaurin aure, fila da firaima suna son su sha iska su zauna, in aka hanzarta su daga baya suke tsukewa zanen ya bayyana. Sannan ka bincika inshorar mai tifar, tun Janairun 2023 da aka mayar da kuɗin inshorar ɓangare na uku ta motar gida naira 15,000, abinda take biya na ɓarnar dukiyar wani ya kai miliyan 3, manyan motoci ma suna da nasu, in takardarshi ta gaske ce kana da haƙƙi. Ka ɗauki hotuna sosai kafin a kwance komai.

Wani abu da masu irin motarka suke mantawa, yaran gareji matasa ne, Mustang ta kwana a hannunsu da makulli jarabawa ce babba. Ka ɗauki hoton kilomita da na mai a gaban ogan, ka rage man ya zama kaɗan, in makullinka biyu ne akwai tsarin MyKey da Ford suka sa wanda zaka taƙaita gudun ɗaya makullin, shi zaka bari. Ka yi wa batir alama, ka leƙa ƙasa ka ɗauki hoton indomin salansa, wato abin tace hayaƙi da ke cikinta, ka kwashe takardu da duk abinda ke ciki. Ka tambaya ina take kwana, akwai maigadi, akwai rumfa. Ka dubi ma mashigar garejin, motarka ƙasa take sosai, wani wajen tun a bakin kwalbati za a karce maka sabon bamban. In za a yi walda ko ta minti ɗaya ce a cire kan batir tukuna saboda birenbos, wato kwamfutar motar.

Ranar ɗauka ka je da rana tsaka, kar ka karɓa da magariba, kar ka karɓa a jiƙe an gama wanke ta yanzu, ruwa yana ɓoye aibi. Ka kunna ka kalli fitilar eyabag a dashbod, ya kamata ta kama na ɗan daƙiƙu sannan ta mutu da kanta, in bata kama ba sam to an taɓa wani abu, a sa kwamfuta a duba. Buɗe ƙofar dama ka rufe, gilashin Mustang bashi da firem, yana ɗan sauka in an buɗe ya koma in an rufe, ka tabbata yana yi kuma iska bata shiga. Ka haska fitilu a bango ka ga tsayinsu ɗaya. Bayan nan wata ɗaya zuwa biyu kar a sa mata folish mai kakin zuma, kar a lulluɓe ta da tamfol, wanki da ruwa da tsumma mai laushi kawai, ba omo ba.

To Gombe ko Abuja. Ni ra'ayina, in aka kwance aka auna aka ga ƙashin bai motsa ba, aikin canza fenda da bamba da fitila ne da fenti, wannan akwai masu hannun da za su yi shi da kyau a Gombe da nan Bauchi, kuma kusa ya fi maka don zaka riƙa leƙawa, wanda in tana Abuja sai abinda aka turo maka a waya. Bakin bonet ɗin in lanƙwasar kaɗan ce mai haƙuri zai iya dawo da ita a sanyi a hankali, in ta karye a kan layi a canza. In kuwa awon ya nuna ƙashin ya tafi, kar ka tuƙa ta, ka ɗora ta a mota a kai Kano ko Abuja inda ke da teburin, a miƙa, in ka so ka dawo da ita gida a yi fentin. Ka fara da cire bamban nan cikin satin nan, ka ɗauko hoton ƙarfen bayanshi ta sama da ta ƙasa da kuma takardar jikin ƙofa, ka turo in gani, in sha Allahu zan gaya maka wanne ne a ciki.